Dala miliyan 30 a shekara ga mai tsaron baya a ƙwallon Amurka: me ake saya da su?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan kallon Firimiya ne, amma kwanan nan na fara leƙa ƙwallon Amurka ta NFL. Na ga an ce New York Jets ta ba wani mai tsaron baya, Sauce Gardner, kwantiragin dala miliyan 120, ko wata huɗu ba a yi ba ta miƙa shi ga Indianapolis Colts. Da na bincika sai na tarar sau uku kacal ya ƙwace ƙwallo a iska cikin kaka uku. To me ake biya? In ya kai wannan kuɗin, me ya sa suka rabu da shi? Kuma nawa ya kamata ƙungiya ta kashe a kan 'yan bayanta?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da kake tambaya, in na fahimce ka, shi ne yadda ake sa wa mutum farashi alhali aikinsa hana abu faruwa ne, da kuma ko ƙungiya za ta fi cin riba in ta zuba kuɗin a kan mutum ɗaya ko ta rarraba. Lissafin da ka kawo daidai ne: a Yulin 2025 Gardner ya sa hannu a kan ƙarin shekara huɗu na dala miliyan 120.4, a farkon Nuwamba kuma aka tura shi Indianapolis. Amma kafin mu kai gare shi sai mun ɗan share fage, domin kasuwar NFL ba irin ta Turai da ka saba da ita ba ce.

Su wane ne 'yan bayan

Mutum goma sha ɗaya ke tsaro, a sahu uku. Sahun gaba ƙarti ne masu ture-ture da kai wa mai jefa ƙwallo farmaki, sai na tsakiya, sai 'yan baya da muke magana a kansu. Su ma iri biyu ne. Akwai masu tsaron gefe, kwanabak, waɗanda ke bin masu cafe ƙwallo ƙafa da ƙafa. Irin su ne Gardner. Akwai kuma sefti, masu tsayawa can nesa suna karanta fili, su kai ɗauki inda aka keta. A da mutum huɗu ake sakawa, biyu-biyu. Yanzu da jifa ya mamaye wasan, yawancin lokaci biyar za ka gani a fili, wani sa'in shida. Riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Doka ma ba ta gefensu. Tun 1978 aka hana mai tsaro taɓa mai cafewa da zarar ya wuce yadi biyar daga layin farawa, aka ƙara tsananta hukuncin a 2004. In kuma ya rungume shi ƙwallo na sama, a daidai wurin da ya yi laifin za a ajiye ƙwallon, ko da yadi arba'in ne. Ga shi da baya-baya yake fara gudu, yana bin mutumin da ya san inda za shi, shi kuwa sai dai ya karanta ƙugunsa.

Kuɗin da ake gani da wanda ake biya

A Janairun 2018 Liverpool ta ba Southampton fam miliyan 75 ta ɗauki Virgil van Dijk, albashinsa kuma daban. A NFL babu wannan cinikin na tsabar kuɗi. Ƙungiyoyi 32 ne, kowacce an ƙayyade mata iyakar abin da za ta kashe a albashin 'yan wasanta 53, mai arziki da marar shi duk ɗaya. Iyakar ta fara da dala miliyan 34.6 a 1994, ta kai miliyan 279.2 a 2025. Duk dalar da ka ba ɗan baya, daga bakin wani ɗan wasan ka cire ta. In kuma kana son ɗan wasan wata ƙungiya, da damar zaɓen sababbin 'yan wasa masu fitowa daga jami'a za ka biya, zaɓen da ake yi kowace shekara a zagaye bakwai.

Saboda haka ni, da yake lissafin kuɗi ne sana'ata, ba na kallon miliyoyin. Kason nake dubawa. Lokacin da Dallas ta ɗauki gwanin kwanabak Deion Sanders a 1995 a kan miliyan 35 na shekara bakwai, miliyan biyar ɗinsa na shekara ya haura kashi 13 cikin ɗari na iyakar albashin lokacin. Jalen Ramsey ya zama ɗan baya na farko da ya kai miliyan 20 a shekara a 2020, iyakar tana miliyan 198.2, wato kashi goma da ɗan ɗoriya. Miliyan 30.1 na Gardner a kan 279.2 bai cika kashi 11 ba. Ka ga ashe farashin gwanin kwanabak bai tashi ba cikin shekara talatin, buhun kuɗin ne ya ƙaru.

Gwada shi da sauran gurabe. Dak Prescott, mai jifan Dallas, kwantiragin miliyan 60 a shekara ya samu a 2024, kusan rubu'in kasafin ƙungiyar. Ja'Marr Chase, mai cafewa, ya haura miliyan 40 a 2025. Micah Parsons, mai kai farmaki, ya haura 46 a Green Bay. Sefti mafi tsada a shekarar, Kyle Hamilton na Baltimore, miliyan 25 ne da 'yan kai. Wato kwanabak irin Gardner da aka ɗauka don ya tsare Chase yana karɓar kashi uku cikin huɗu na abin da Chase ke karɓa. Kasuwa ta riga ta yanke hukuncinta, kuma akwai dalili.

Sannan adadin da jaridu ke bugawa ba shi ne bashin da ke wuyan ƙungiya ba. A 2013 Tampa Bay ta ba kwanabak Darrelle Revis kwantiragin miliyan 96 na shekara shida, amma ba ko dala ɗaya da aka lamunce masa. Ya buga kaka ɗaya, ya karɓi miliyan 16, aka sallame shi, sauran 80 ɗin suka tsaya a takarda. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka lamunce ko ya ji rauni ko ya lalace, da kuɗin sa hannu, wanda ake ba ɗan wasa nan take amma a littafi ake raba shi har shekara biyar. In ka rabu da mutum kafin lokaci, ragowar ta faɗo maka gaba ɗaya, kana biyan wanda ba ya gidanka. Matattun kuɗi suke ce musu.

Ƙwace ƙwallo ba shi ne ma'auni ba

Nan ne zuciyar tambayarka. Misalin da na fi so shi ne na Nnamdi Asomugha, haifaffen Amurka wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. A 2006 ya ƙwace ƙwallo takwas wa Oakland Raiders. A kaka huɗu da suka biyo baya, uku kacal ya samu gaba ɗaya. Ba lalacewa ya yi ba. A cikin shekarun nan ne ma aka zaɓe shi cikin gwanayen gasar, kuma a 2009 Raiders ta ba shi miliyan 45.3 na shekara uku. Masu jifa ne suka daina kallon ɓangarensa. Wanda ba a jefa wa ba, me zai ƙwace?

Ɗaya gefen kuma J.C. Jackson ne. Ya ƙwace tara a 2020, takwas a 2021 a New England, Los Angeles Chargers ta ruɗu da lambobin ta ba shi miliyan 82.5 na shekara biyar a 2022. Ya ji mummunan rauni a gwiwa, wasansa ma kafin raunin bai zauna da tsarinsu ba, kafin ƙarshen 2023 sun mayar da shi inda ya fito kusan a kyauta. Yawan ƙwacewa sau da yawa alama ce ta cewa ana yawan gwada ka, ko kana yawan caca, ko kuwa 'yan gabanku na firgita mai jifa yana sakin ƙwallo ba shiri. Adadi ne da ke hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba tare da ɗan wasan ya canza ba.

To me gwanin ke sayo maka? Mutum guda na ƙari. In kana da kwanabak da zai iya riƙe babban mai cafewar abokan hamayya shi kaɗai, sefti ɗin da ya kamata ya tsaya a bayansa ya samu 'yanci: ko ya koma ɗaya gefen a haɗu a kan wani, ko ya matso gaba ya toshe masu gudu da ƙwallo, ko a tura shi farmaki. Abin da Revis ya yi wa Jets ke nan a 2009, har aka riƙa kiran ɓangarensa tsibiri, wai duk wanda aka tura can ya ɓace. Wannan ba ya fitowa a teburin lambobi, kuma talabijin ba ta nuna shi, don kyamara ƙwallo take bi. Da an fara wasa 'yan baya sun fice daga allo. Ni sai na samu hoton da aka ɗauka daga saman fili, mai nuna duka mutum 22, nake yarda in ce wane ya yi wasa ko bai yi ba. Nakan bi ɗan wasa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ina lura da abu uku: tazarar da ke tsakaninsa da mutuminsa lokacin da mai jifa ya ɗaga hannu, ko an ba shi mataimaki a baya, da inda idon mai jifa ya fara zuwa. In mai jifa ya kalli gefensa ya kau da kai nan take, na rubuta masa lada, ko da sunansa bai fito a bakin mai sharhi ba.

Inda bango ya tsage

Sai dai wannan alherin shi ne kuma iyakarsa. Mai jifa ne ke zaɓen inda zai jefa. Mai kai farmaki kamar Parsons ko Myles Garrett, ba yadda za ka yi ka kauce masa, kowane jifa yana tafe, dole ka ware mutum biyu su tare shi. Mai cafewa kuwa ƙungiyarsa ce ke yanke shawarar ta ba shi ƙwallo sau goma sha biyu. Kwanabak fa? Ana iya share shi kawai. Ka tuna mutum biyar ne a baya. In huɗu gwanaye ne ɗaya rago, wasan gaba ɗaya a kan ragon za a yi shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu horarwa a NFL mako guda suke yi suna neman tsagar.

Na ga wannan da idona a ƙaramin mataki, lokacin da nake taimaka wa wata makarantar sakandare a nan Amurka da horar da 'yan baya. Muna da wani yaro da duk yankin an san shi, dogo, ga gudu, ga natsuwa. A ɗaya gefen kuma yaron da muke da shi yana da wata ɗabi'a: da mai cafewa ya yi kamar zai tsaya, sai ya dasa dugadugansa a ƙasa. Kocin abokan wasanmu ya gano haka tun rubu'in farko. Daga nan kowane jifa mai nisa can ya nufa, mai cafewa ya ɗan taka birki, yaronmu ya dasa ƙafa, a wuce shi. Gwanin namu ya tashi daga wasan rigarsa fes, ko ciyawa ba ta taɓa ta ba, mu kuwa an lallasa mu. Tun daga ranar, in na buɗe littafin albashin wata ƙungiya, ba sunan farko nake fara dubawa ba. Na huɗu da na biyar nake nema.

Ga kuma shekaru. Gurbin nan na ƙafa ne, rabin taku in ya ragu an gama da kai. Revis ɗin nan dai ya koma Jets a 2015 a kan miliyan 70 na shekara biyar, 39 a lamunce, yana dab da shekara talatin. Kaka ta farko ba laifi, ta biyu yara suka riƙa wuce shi, a 2017 aka sallame shi. Sai kuma tsari. Asomugha ya saba ya manne wa mutum ɗaya a gefe ɗaya. Philadelphia ta ɗauke shi a 2011 a kan miliyan 60, ta riƙa sa shi tsaron yanki da yawo cikin fili, ya zama kamar ba shi ba, bayan kaka biyu suka rabu.

Yadda ƙungiyoyi suka gwada

Akwai masu sayen gwani ko nawa ne. A Oktoban 2019 Los Angeles Rams ta ba Jacksonville zaɓen zagayen farko guda biyu da na zagaye na huɗu ta karɓi Ramsey, ta kuma biya shi miliyan 100. A Fabrairun 2022 ta ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL. Ba mai cewa ta yi asara. Amma Rams na da Aaron Donald a gaba yana hana masu jifa sakat, kuma ta riga ta kusa kofin. Ramsey cikon gini ne, ba harsashi ba.

Seattle ta gwada irin wannan a 2020 da Jamal Adams, wanda sefti ne: zaɓen zagayen farko biyu ga Jets, sannan miliyan 70 na shekara huɗu. A kakar farko ya kayar da masu jifa sau tara da rabi, abin da ɗan baya bai taɓa yi ba, amma wajen tsaron jifa, wanda shi ne asalin aikin, ba gwani ba ne. Raunuka suka biyo baya, aka sallame shi a Maris ɗin 2024. Ɗaya daga zaɓen da Seattle ta bayar shi Jets ta ɗauki gwanin mai cafewa Garrett Wilson da shi. A ganina wannan na cikin mafi munin cinikin 'yan baya da aka yi, ba don Adams rago ne ba, sai don sun biya sau biyu, da zaɓe da kuma albashi, a gurbin da kasuwa ba ta ɗauka da tsada ba.

Abin mamaki, Seattle ɗin ce ta nuna wa kowa ɗaya hanyar. 'Yan bayan da suka murƙushe Denver 43 da 8 a Super Bowl na Fabrairun 2014, Richard Sherman da Kam Chancellor duk a zagaye na biyar aka zaɓe su, Earl Thomas ne kaɗai na zagayen farko. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da 'yan wasa, albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake na shekara huɗu, don haka in ka dace da yaro, kana samun aikin miliyan ashirin a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kansas City ta mayar da wannan al'ada. Ta bar Charvarius Ward ya tafi a 2022, ta zaɓo Trent McDuffie, Bryan Cook, Joshua Williams da Jaylen Watson a shekara ɗaya, ta ci kofi da su suna sababbi. Da L'Jarius Sneed ya isa karɓar babban kuɗi a 2024, sai ta miƙa shi ga Tennessee. Lissafinta a fili yake: kuɗin na mai jifanta Patrick Mahomes ne da ɗan sahun gaba Chris Jones, 'yan baya kuwa a yi ta renon sababbi.

Yanzu ka ga amsar batun Gardner. Lokacin cinikin, Jets ta ci wasa ɗaya cikin takwas, ba ta da tsayayyen mai jifa, kuma kwanabak komai gwanintarsa ba ya fitar da irin wannan ƙungiya daga rami. Zaɓen zagayen farko biyu da Colts ta bayar, na 2026 da 2027, haɗe da mai cafewa Adonai Mitchell, sun fi mata amfani. A ranar ma ta tura ɗan sahun gabanta Quinnen Williams Dallas. Colts kuwa ta ci bakwai cikin tara, tana ganin kofi a kusa, ta yi irin lissafin Rams. Sai Gardner ya ji ciwo a sha-raɓa, mai jifansu Daniel Jones ya tsinke agara a Disamba, suka kasa kaiwa zagayen fitar da gwani. Mutum ɗaya ne, farashi ɗaya, amma darajarsa ta dogara da halin da mai saye ke ciki.

Da ni ke riƙe da littafin

Wannan ra'ayina ne, ba doka ba. Babban kwantiragi ɗaya zan yarda da shi a baya, kuma ga yaron da mu muka zaɓo, muka san jikinsa da halinsa, a biya shi da wuri kafin iyakar albashi ta sake tashi. Denver ta yi haka da Patrick Surtain: miliyan 24 a shekara a Satumban 2024, ya zama gwarzon mai tsaro na kakar, wata shida bayan nan Houston ta biya Derek Stingley miliyan 30 a shekara. Wanda zan guje wa shi ne na tsaka-tsaki mai neman kuɗin gwani a buɗaɗɗiyar kasuwa, domin in da gaske gwani ne da wuya ƙungiyarsa ta bari ya fito. Akan dace, kamar yadda New England ta dace da Stephon Gilmore a 2017, amma labarin Jackson da Asomugha ya fi yawa. Ragowar kuɗin a watsa su a kan mutum na uku zuwa na shida, kuma kowace shekara a zaɓo sabon ɗan baya ko da ana ganin ba a buƙata, don kafin Disamba sai an buƙata.

Ka riƙe hukuncin irinmu da sassauci. Mai kallon hoto daga waje yana ganin inda kowa ya tsaya, amma ba ya jin umarnin da koci ya bayar. Sau da yawa za ka ga an wuce kwanabak ka ɗora masa laifi, alhali sefti ne aka ce ya rufe bayansa bai zo ba. Kamfanonin da ke ba 'yan wasa maki ma da wannan matsalar suke fama, shi ya sa makin ɗan baya ke tsalle daga shekara zuwa shekara fiye da na sauran gurabe.

Inda nake ganin har yanzu akwai araha shi ne mutum na biyar, mai tsaron ciki, wanda ke tsayawa tsakanin sahun tsakiya da gefe. Shi ke fuskantar masu cafewa masu kaifin juyi da za su iya karkata dama ko hagu, shi ke shiga turmutsutsun tare masu gudu, amma albashin gurbin bai kama ƙafar na masu tsaron gefe ba. Philadelphia ta zaɓi Quinyon Mitchell a zagayen farko na 2024, ta ƙara da Cooper DeJean a na biyu ta sa shi a wannan gurbin. A Super Bowl na 9 ga Fabrairun 2025, ranar da ya cika shekara 22, DeJean ya ƙwace jifan Mahomes ya ruga da shi har gida, Philadelphia ta doke Kansas City 40 da 22. Kwantiraginsa na shekara huɗu gaba ɗaya bai kai dala miliyan 10 ba.